Kayan Bappa Ba a Gwadawa

Kwanakin baya na shiga kasuwar Jimeta sayen dutsen guga, ni da babbar 'yata. Mai shago ya sa shi a leda zai miƙo mini, na ce ya fito da shi ya jona. Ya ce babu wuta. Na ce ya tada janareto. Ya ce, "Haba Hajiya, a kan dutsen guga ɗaya?" Na ce to ya riƙe kayansa, in riƙe kuɗina. Ya tada yana ƙunƙuni, na tsaya har ƙarfen ya yi zafi, na lashi yatsa na taɓa. Sannan na ce ya rubuta mini rasit, ya sa lambar da ke jikin kayan, ya kuma soke layin nan da suke bugawa a ƙasa cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. 'Yata ta koma bakin ƙofa tana danna waya kamar ba tare muka zo ba. Da muka shiga keke ta ce, "Dada, wallahi kina ba ni kunya."

Ni za a gaya wa kunya? Na san ta ciki da bai, kuma abin da ta ci mini yana nan ajiye a barandar gidana, fari, mai murfi, an ɗora masa kwandon albasa.

Ni 'yar cikin garin Yola ce, inda ake shayar da yaro kunya tare da nono. Ba ka ci a gaban suruki, ba ka kiran sunan ɗanka na fari, ba ka cewa kana jin yunwa a gidan mutane ko da cikinka na kiran ciroma. Aure ya kawo ni unguwar Damilu a Jimeta, ina koyarwa a firamare, mijina yana aikin gwamnati. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, mu da yara uku.

Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni. Aure ya kai ta can arewacin jihar, wani gari a gindin duwatsu. Shekarar da garuruwan can suka faɗa hannun 'yan bindiga, ta iso ƙofata da 'ya'yanta mata biyu da ƙunshi ɗaya a ka, ƙafafunta duk sun tsattsage. Mijinta ya ce su yi gaba zai biyo su. Bai biyo ba, kuma bayan wata biyu wani da ya tsero ya faɗa mana inda ya ga gawarsa. A falona ta yi takaba.

Babu wanda ya taɓa ce wa Adda ta yi mana nauyi, ita ce ta riƙa gaya wa kanta. Kafin mijina ya fito sallar asuba ta naɗe tabarma, ta goge falon, ta ɓoye filo a bayan kujera, yadda ba za ka ce mutum uku sun kwana a wurin ba. In na zuba mata abinci ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi, ta tura wa yara. Wanki kuwa sai da na fara ɓoye kayana, don da na juya baya ta kwashe. Matar da a gidanta take ciyar da 'yan ƙwadago goma lokacin girbi, ita ce take tambayata izini kafin ta ɗauki ashana. Abin yana ci mini rai, har wani lokaci in yi mata tsawa.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ita a bakin famfo tana wanke robobin lemo. Ta tsinto su ne a wurin wani biki a layinmu. Na ce, "Adda, shara kuma kika koma kwasa?"

Ta ce, "Auta, azumi ya kusa. Kin san yadda ake rububin ƙanƙara a garin nan. In na samu firiza, in yi ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kafin sallah na haɗa na kama ɗaki. Na ga wani a unguwar Bako, ciki da rumfa, kusa da makarantar yara. Mai gidan ya ce zai jira ni."

Ranar na fara ganin haƙoranta tun zuwanta. Tana da abu ɗaya a duniya da wuta ba ta ci ba, wata saniya da ke hannun wani makiyayi danginmu a Mbamba, jikar wadda Baba ya ba ta ranar sunanta. Ita ta ce a sayar. Daga nan robobi suka fara taruwa. Duk inda aka yi suna ko walima sai ta je bayan an watse, ta tsince, ta wanke da omo da ruwan zafi, ta kife su a rana, ta zuba a buhu. Har malaman makarantarmu suka riƙa kawo mini nasu in kai mata.

Da kuɗin saniya suka zo, babu ma shawarar inda za a saya. Ƙanin mahaifin mijina, wanda duk muke ce wa Bappa, yana da babban shagon kayan wuta a kasuwa. Shi ya riƙe mijina bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi makaranta, shi ya karɓa masa aurena. A wuce shagonsa a saya a wani wuri, ai abin magana ne har shekara.

Akwai yadda ake sayen irin wannan kaya a Jimeta, kuma kowa ya sani. Ana yanka kwali a gabanka, a jona a janareto, ka sa tafin hannunka a jikin bangon ciki ka tsaya har ka ji sanyi ya fara kama shi. Sannan a rubuta maka rasit, a ce kana da kwana bakwai in wani abu ya taso. Na san wannan sarai, don haka na yi lokacin da na sayi talabijin ɗinmu a hannun wani baƙon ɗan kasuwa, har da faɗa.

Muka tarar da Bappa a kujerarsa, da abokansa dattawa biyu a kan benci. Muka durƙusa muka gaida su. Ya yi wa Adda ta'aziyya mai tsawo, har ya share ido da bakin rawani. Ya nuna wata firiza a cikin kwali, an ɗaure ta da igiyar roba, ya ce wannan ita ce daidai da sana'arta. Ya yi ragi ba tare da mun roƙa ba, ya ce dako ma shi zai biya. Sannan ya ce, "A yanka kwalin a jona muku?"

Adda ta dube ni. Ita ba ta san kan kayan wuta ba, ni ce 'yar boko, ni ce 'yar gari. Da ta ga na yi shiru ma da ta ce a jona, na ga bakinta ya motsa. Ni na riga ta. Na ce, "Haba Bappa, kayanku ne za a gwada? Sai ka ce mun zo wurin bare."

Dattawan nan suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, "Ka ji 'yar mutunci." Bappa ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya jawo littafin rasit, na ce wallahi ya bar shi, takarda ai tsakanin waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Ya mayar da littafin cikin durowa bai ja maganar ba.

Gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba ita ce, ba don Bappa na yi ba, don kaina na yi. Ina so a ce matar ɗansa tana da tarbiyya, boko bai ɓata ta ba. Yabon tsofaffi biyu a kan benci na saya, kuma da saniyar Adda na biya.

Aka kawo firiza a kura, aka ajiye a baranda. Bappa ya ce a bar ta ta kwana ta huta kafin a jona, don man injin ya koma mazauninsa. Muka bar ta. Washegari da hantsi tiransifomar layinmu ta yi ƙara ta mutu. Aka shiga bi gida gida ana karo-karo, wannan ya ce ba ya nan, wancan ya ce shi fitila ɗaya gare shi. Kwana goma sha ɗaya babu wuta. Kullum da safe Adda sai ta ɗauki tsumma ta goge firizar nan ciki da waje, abin da ko ƙura bai taɓa ba. Ta hana yara jingina da ita.

Ranar da wuta ta dawo, yaran layi suka ɗauki ihu, Adda ta saki tsintsiya ta ruga. Ta ƙulla ruwa a leda, ta jera su sahu sahu, ta yi bisimilla ta jona. Fitila kore ta kama, injin ya fara gurnani. Ta kara kunne a jikinta tana dariya, ta ce, "Auta, ji, tana numfashi."

Da safe muka buɗe. Ruwa yana nan ruwansa, har da ɗumi. Muka ce ko wutar ce ba ta da ƙarfi, muka ƙara mata kwana. Muka ƙara wani. A kwana na uku Adda ta ɗaga leda ɗaya, ta matsa ta a hannu, ta mayar, ta rufe murfin a hankali kamar mai gudun tada jariri. Saura kwana biyar a ga wata.

Maƙwabcinmu mai gyaran firji ne, mutumin kudancin jihar, matarsa muna koyarwa tare. Ran Lahadi da ya dawo daga coci ko kaya bai canza ba ya shigo da sukudireba. A gabanmu ya kwance bayan, ya haska da wayarsa, ya yi tsaki.

Ya ce, "Malama, wa ya sayar muku wannan? Zo ki gani. Walda nan, walda nan. Injin nan ya sha aiki, fenti kawai aka fesa mishi. Kwali sabo, jiki sabo, amma ciki, dis one na grandpapa, tsoho tukuf. Matana ya gaya mini kuɗin saniya ne. Ku mayar mishi yau yau, kar ku kwana."

Na ba shi na ruwa ya ƙi karɓa. Ya mayar da kusoshin yadda ya same su ya fita yana girgiza kai.

Na gaya wa mijina, ya ce in bari shi zai yi wa Bappa magana. Yau ya ce bai same shi ba, gobe ya ce ya tarar da baƙi, jibi ya ce ai ba a tarar babba da irin wannan magana da azumi a baki. Mijina ba mugu ba ne, amma a gaban Bappa har yau yaro ne mai gajeren wando. Azumi ya kai huɗu, ina ganin matan layi suna dawowa da ƙanƙara a kwano daga unguwa mai nisa, na yafa mayafi na tafi kasuwa ni kaɗai.

Dattawan nan biyu suna nan a bencinsu. Na durƙusa, na gaida su, na kewaya, na kewaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bappa ya saurara yana jan carbi.

Ya ce, "Ɗiyata, yau kwana nawa da ɗaukan kayan?"

Na ce ya wuce ashirin, amma babu wuta ne.

Ya ce, "To kin gani. Kwana bakwai ne ƙa'idar kasuwa, ba ni na kafa ba. Kuma ni da bakina na ce a jona, ke kika ce a bari. Ga su nan, a gabansu aka yi." Dattawa suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar ranar nan. "Sannan wutar Damilu wa bai san ta ba? Ranar da aka gyara tiransifoma kuka jona, ko na'urar daidaita wuta ba ku sa ba. Ai ko ƙarfe ne ya ƙone."

Na ce, "Bappa, ba ƙonewa ta yi ba. Mai gyara ya duba, ya ce injin tsoho ne aka yi wa fenti."

Carbin ya tsaya. Ya ce, "Kun buɗe? Kun kira wani can ya buɗe bayan? Ai shi ke nan, kun kashe garantin da hannunku, ko waɗanda suka kawo mini ba za su karɓa ba. Kuma wa ya san abin da ya cire, wa ya san abin da ya sa?"

Nan jinina ya hau. Mutumin da ya shigo da kayan cocinsa, ya kwance a gaban idonmu, ya ƙi karɓar ko sisi, shi ne za a mayar ɓarawo. Magana ta zo mini har maƙogwaro. Amma ina durƙushe, ga furfura uku a gabana, sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya huci zuciyarku." Ya ce don zumunci, in mun sayi sabon inji shi zai biya kuɗin ɗaurawa. Sabon inji kuwa sai an sake sayar da wata saniyar, ga shi babu. Da zan tashi ya miƙo mini ledar dabino ya ce a kai wa Adda ta buɗa baki. Na karɓa. Har yau in na tuna na karɓi dabinon nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ban sani ba ko Bappa ya san abin da ke cikin kwalin ranar da ya sayar. Ana cewa su ma ana cutarsu daga inda suke saro kaya, kuma mai yiwuwa ne. Amma bayan na gaya masa ai ya sani. Shi ya san hanyar masu kawo masa kaya, shi ke da bakin da za su ji, asarar firiza ɗaya a shagonsa ba ta fi a ɗebi cokali a tukunya ba. Mutum ne da ba ya rasa sahun gaba a masallaci, ya kuma fi ni sanin abin da malamai ke faɗa a kan kaya mai aibi. Bai ce a kawo ya gani ba ma.

Wata malama a makarantarmu ta ce akwai ofishin da ke karɓar koken masu sayen kaya. Na je. Na zaci za a yi ta yi mini jeka ka dawo, sai na tarar da wata mata mai kirki. Ta ce wanda ya sayar da kaya mai aibi, ko ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi, kuma kwana bakwai ɗin nan na kasuwa ba ya wanke wanda ya sayar da tsoho da sunan sabo. Na ce babu rasit. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke malamar makaranta?" Na sunkuyar da kai. Ta ce duk da haka in akwai mai gyara da masu dako da za su yi shaida, za a kira shi a zauna. Ta ba ni takarda, ta ce mai kayan ta cika ta dangwala hannu.

Na dawo gida da takardar nan kamar na riƙo firizar sabuwa. Mijina ya karanta ya ajiye, ya ce, "Bappa za ki kai gaban hukuma? Mutumin da ya ɗaura mana aure?" Na ce ba ni na kai shi ba, injinsa ne. Kwana biyu bai ci abincina ba.

A rana ta uku surukata ta zo tun daga cikin Yola. Ta zauna a falo, a kan kujerar da Adda ke ɓoye filonta a baya, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce an yi ragi, an biya dako, an ba da dabino, sakayyar ke nan? Ta ce a gidansu ba a taɓa kai babba ƙara ba, ba kuma a kan ɗanta za a fara ba. Sannan ta ɗaga murya kaɗan, daidai yadda za ta kai kicin, ta ce, "Da can ai lafiya kuke zaune. Daga yin baƙi sai gida ya rikice."

Adda tana kicin tana dama kunun buɗa baki. Na ji ludayin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Bayan surukata ta tafi, Adda ta ce in kawo takardar ta ga inda za ta dangwala. Na kawo da murna, na nuna mata. Ta juya ta, ta juya, ita da ba ta karanta boko. Sai ta naɗe ta tsaf ta cusa a ƙarƙashin gawayi, ta hura.

Na yi ihu na ce, "Adda, haƙƙinki ne! Saniyarki ce!"

Ta ce, "Auta, kin ba ni inuwa, ni ba zan sare bishiyar ba. In aurenki ya mutu a kan firiza, mu duka ina za mu? Munyal. Haƙuri za a yi."

Na ce jin kunyar mara kunya asara ne. Ta ce, "To ke da kika sani, me ya hana ki bari a jona?" Ba da faɗa ta faɗa ba, tana fifita wuta ne ma. Sau ɗaya ke nan ta taɓa ɗora mini, kuma ba ta sake ba.

Azumi ya wuce muna sayen ƙanƙara a hannun wasu. Ɗakin Bako aka ba wani. Bayan sallah da kwana kaɗan Adda ta ce an buɗe hanyar garinsu, mutane sun fara komawa, ita ma za ta bi. Ta ce damina ta yi nisa amma ko wake ne za ta samu ta shuka, gona ita ce sana'ar da ba ta neman wuta. Na ce ana cewa mutanen nan suna nan a kan duwatsu. Ta ce Allah ma yana nan. Na roƙe ta, amma ban roƙe ta yadda ya kamata ba. Wani ɓangare na zuciyata ya gaji da shirun mijina da kallon surukata, yana so falon ya koma falo. Ta bar mini 'yan matan don makaranta. Kafin ta tafi ta juye buhunan robobinta cikin firizar, ta jera su tsaf, ta ce kar a zubar, wata rana za su yi amfani.

Damina uku ta yi a can, a ɗaki ɗaya da ta rufe da kwanon da wuta ta lasa. Takan aiko mana da wake da gyaɗa, ita da ya kamata a aika wa. A bazara ta uku, lokacin sharar gona, 'yan bindiga suka sauko wa masu aiki da hantsi. Wata maƙwabciyarta ce ta kira ni ina cikin aji. A can aka binne ta, ban ga fuskarta ba.

Ba zan ce firiza ce ta kashe Adda ba, kwana ne ya ƙare, haka aka koya mana mu ce. Amma na san da ta yi sanyi, da a Bako Adda take, tana faɗa da 'yan makaranta a kan canji. Bappa yana nan da ransa, shagon ya zama uku, kuma duk sallah sai mun je gaisuwa na durƙusa.

A gidana aka yi zaman makoki, ana tsakiyar zafin nan na Yola da ko inuwa ƙuna take. Mata sun cika baranda da tsakar gida, ruwan randa kamar an dafa. Matar mai gyaran firji ta je ta sayo manyan ƙanƙara a buhu, ta ce a zuba a cikin firizar, ko ba ta aiki ai tana riƙe sanyi. Muka buɗe. Robobin Adda suna nan yadda ta jera su, ko ƙura babu. Muka fito da su, muka cika da ruwa, muka mayar a kan ƙanƙarar. Karo na farko ke nan da wani abu mai sanyi ya fito daga cikinta.

Ranar uku Bappa ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa, an biyo shi da buhun shinkafa. Aka shimfiɗa masa darduma a baranda. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Adda mace ce mai haƙuri, irinta sun yi ƙaranci. Surukata ta ce in kawo wa Bappa ruwa. Na tashi na ɗaga murfin a gabansa, na ɗauko roba ɗaya tana naso, na durƙusa na miƙa.

Ya sha rabi ya sauke. Ya dubi robar, ya dubi firizar, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Af, ashe tana yi! Ai na gaya muku wutarku ce."

Matar mai gyara ta zuba mini ido. 'Ya'yan Adda biyu suna zaune a bakin ƙofa, su ma ni suke kallo. Igiyar wutar tana nan a naɗe a kan murfin, rabonta da soket shekara uku, hannu kawai zan miƙa in ɗaga masa ita ya gani.

Na ce, "Haka ne, Bappa. Mun gode."

Ya miƙo mini robar, na karɓa da hannu biyu.